Tabon da Na Goge

Shekara ashirin da shida ke nan da Injiniya ya fita daga gida da jakar kayan aikinsa bai dawo ba, kuma har yau in hira ta ƙare a bencin mai aski, shi ake jawowa. Ba injiniyan komai ba ne. Keken ɗinki yake gyarawa gari gari, mu muka laƙaba masa sunan don tsokana, sunan ya bi shi. Ya bar matarsa, tela ce, da jaririya 'yar wata biyar. Maƙwabta sun ji hayaniyarsu da safen da ya fita, har da ƙarar murfin tukunya, shi ke nan aka yanke hukunci: masifarta ce ta kore shi. Da wannan baƙin sunan Tela ta tsufa. Yarinyar kuma ta tashi da sanin cewa ubanta ya dube ta a zanin goyo ya ga ba ta isa ta riƙe shi ba.

Ni ne mai hoton unguwar. Shagona na tsakanin na mai aski da na mai fenti, kuma ni na wanke hoton da aka yi cigiyarsa da shi.

A bencin nan kowa da nasa labarin. Mai aski ya rantse mace ce. Wai akwai wata a wani gari da kekenta ba ya wata bai lalace ba.

"Keke ɗaya, gyara tara a wata biyu?" in ji shi, yana wasa aska a tafin hannu. "Ai sai dai in ba keken ne ke ciwo ba."

Direba kuwa cewa yake ya gan shi da idonsa a tashar jiragen ruwa, ya yi ƙiba har da tumbi. Bayan shekara biyar ya ce a rame ya gan shi.

"Kai ka tsayar da magana ɗaya mana. Ƙiba ko rama?"

"To mutum dutse ne da ba zai canja ba?"

Mai fenti na ɓangaren masu satar mutane. Wata tsohuwa ta ce aljanun gindin gada ne, don sun daɗe suna neman mai gyara. 'Yan sanda sun zo sau biyu, suka yi rubuce-rubuce, aka canja wa mai binciken wurin aiki, daga baya muka ji gara ta cinye fayil ɗin. In an gama zagaye sai a juyo kaina.

"Mai Hoto, kai me ka gani?"

"Ni aikina ɗaukar wanda ya tsaya ne. Wanda ya tafi ba ruwana."

A yi dariya, a tashi.

Abin da ba a taɓa ambata a bencin ba shi ne tabon. Injiniya na da tabon ƙuna, daga kunnen hagu ya gangaro ta muƙamuƙi har wuya, fatar wurin ta tattare kamar ledar da ta kusanci wuta. Yana rarrafe ya jawo tukunyar ruwan zafi, uwarsa ta juya baya za ta ɗauko ludayi. Tun daga ranar maganar ta haramta a gidansu. Ba wanda ya kafa doka, amma in yaro ya nuna da yatsa sai uwar ta tashi ta shige ɗaki, ta wuni ba ci ba sha. Sai gida ya koyi shiru, unguwa ta koya a wurin gida. Mu da muka saba da shi har mun daina gani. Baƙo ne kaɗai ke gani, shi kuwa baƙo ba abin da yake fara gani sai shi.

A zamaninmu gyaran hoto ba latsa waya ba ne. Ka ɗauka a fim, ka wanke, ka ɗora fim ɗin kan gilashi da fitila a ƙarƙashi, ka fiƙe fensir ya koma kamar allura, sannan ka bi fuskar mutum ɗigo ɗigo. Ƙuraje, tattarar goshi, jan ido, duk fensir na cinye su. Maigidan da ya koya mini sana'ar yakan ce, wanda ke son ganin kansa yana da madubi a gida. Wanda ya zo wurin mai hoto, wanda yake fatan zama ya zo gani. A wannan fannin, ba yabon kai ba, babu na biyuna a garin.

Saura mako ɗaya aurensa Injiniya ya zo. Ya zauna gaban labule ya karkata kai, ya ba ni gefen dama kamar yadda yake ba kowa.

Na ce, "Ango, kalle ni sosai. Sauran ka bar mini."

Na ɗauka sau biyu, don haka muke yi ko ɗaya zai ƙone. Ɗaya na ajiye yadda yake. Ɗayan na yi yini biyu a kansa har idona ya yi ruwa. Da ya zo karɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya kai hannu ya shafa wuyansa.

"Ashe haka zan kasance," ya ce.

Ya kai wa uwarsa ɗaya. Ni kuma na wanke babba na sa a gilashin shago, ya jawo mini kasuwa fiye da allon suna. Mutum zai shigo ya rage murya ya ce, "Irin aikin da ka yi wa mutumin nan nake so."

Kwana huɗu da ɓatansa wansa ya faɗo shagon yana haki. 'Yan sanda na son hoto, mai buga takardu na jira. Na jawo ambulan, na zaro fim biyun, na ɗaga su ga hasken ƙofa. Ba zan ce ban san wanda ya kamata ba. Na sani sarai. Wan ya nuna na gilashi da haɓa.

"Irin wancan. Ka san Inna za ta ga takardar, kada kuma…"

Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba. Amma kada in ɗora masa nawa kayan. Abin da ke raina a lokacin shi ne takardar nan za ta shiga kowace tasha da kowace kasuwa, ga hatimin shagona a gindin hoton. Na kuma ce wa kaina, namiji ne ya yi fushi da matarsa, kafin mako ya fita zai dawo yana sosa ƙeya. Na mayar da mai tabon cikin ambulan.

Takarda ɗari biyar aka buga. Dogo ne, baƙi, sanye da shuɗiyar riga, yana ɗauke da jakar kayan gyara. Iyakar abin da aka rubuta ke nan.

Da wata ya cika na ce gobe zan yi magana. Da shekara ta cika na ce in na yi yanzu za a ce me ya hana ka tun farko. Daga nan shirun ya zama kamar kujerar shago, ina zaune a kai ba na ma tunawa da shi.

Tela ta bar gidan surukai bayan shekara biyu, ba korarta aka yi ba, amma in ta shigo ɗaki hira na mutuwa. Ta kama ɗaki a bayan kasuwa, da keke ta ciyar da yarinyar har ta zama malamar makaranta. An ba ta shawara ta je kotu a raba auren, ta ƙi. Mai aski ya ce ai ba ƙi ta yi ba, wa zai ɗauki wuta ya sa a aljihu? Yarinyar tana 'yar shekara sha biyu ta zo ɗaukar fasfo na makaranta. Da na gama ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba Mai Hoto, don Allah ka cire mutumin nan daga gilashi. Kullum ta nan nake bi."

Mutumin nan. Haka take kiransa. Na cire. Takardar cigiyar guda ɗaya dai na bar ta manne a bayan ƙofa, inda sai an rufe ake gani.

Bana mai ginin ya sayar, aka ba mu wata biyu mu tashi. Ni dama waya ta riga ta kashe mini sana'a, kowa mai hoton kansa ne yanzu. Na fara zazzage ambulan na shekara arba'in cikin buhuna, ina kai su wata tsohuwar durom a bayan shago ina ƙonawa kaɗan kaɗan. Ina cikin haka wata safiya wani dattijo ya shigo, baƙon gari, ya zo wurin ɗansa, yana son fasfo na takardun fansho. Irin mutanen nan ne da kafin ka ce zauna sun ba ka tarihin ciwon gwiwarsu. Na zaunar da shi gaban labule, na tura ƙofa don in rage haske.

"Af!" ya ce. "Takardar nan tana nan duniya?"

"Ɗaga haɓa, Malam."

"Tsaya tukuna. Na san takardar nan. Ta fi shekara a allon asibitinmu."

Ashe mai tura gadon marasa lafiya ne a wani asibiti can yamma da mu, tafiyar rabin yini, har ya yi ritaya. Injiniya kuwa gabas ya ce wa kowa za shi, gabas aka yi ta nema, yamma takarda kawai aka aika.

"An samu mutumin kuwa?"

Na ce ba a samu ba.

"Allah sarki. Mu ma mun so mu taimaka. Lokacin muna da wani, motar siminti ce ta kife a gada, direban ya mutu nan take, shi wannan rage masa hanya aka yi, yana saman kaya. Kansa ya bugu. Ba takarda a jikinsa, in ma yana da jaka ruwa ya tafi da ita. Mako uku bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ba baki, ba ya ko sanin sunansa. Baƙo muke ce masa. To da takardar nan ta iso, ni da babbar nas muka ciro ta muka kai gefen gadonsa. Dogo, e. Baƙi, e. Idon ma kamar nasa. Sai dai namu na da wani tabon ƙuna, tsoho, ba na hatsarin ba, daga nan har nan."

Ya ja yatsa daga kunnen hagu zuwa wuya.

"Nas ta ce, haba, mai irin wannan tabo ai shi za a fara rubutawa, ga hoton kuma fuska sumul. Muka mayar da takarda allo. Malam, lafiya? Ka zauna mana."

Na zauna a kan buhu.

"Shi ya ga takardar?" na ce.

"Mun ba shi. Ya kalla, ya kalla, ya shafa wuyansa, ya miƙo mana abinmu."

Ban tambaye shi komai ba bayan wannan, shi ya yi ta zuba. Wata bakwai Baƙo ya yi a wurinsu. Da ya samu ƙarfi yana taya su shara. Wata rana ya shiga ɗakin wanki ya tarar da keken da ake facin zannuwan gado ya shekara a mace, ya nemi wuƙar tebur da ɗan mai, kafin azahar keke na gudu. In lokacin ziyara ya yi sai ya je bakin ƙofar asibiti ya tsaya, duk macen da ta shigo da goyo sai ya bi ta da kallo har ta shige. Kullum. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da aka samu a aljihun wandonsa, a naɗe cikin takarda, kamar ƙaramin ƙoƙo mai ɗan hannu, ko wanka za a yi masa ba ya sakinsa. Wata rana da safe maigadi ya zagaya, ya dawo, Baƙo ya fita. An bi hanya an duba, ba shi ba alamarsa.

Ambulan ɗin Injiniya na cikin buhun da nake zaune a kai. Na ce dattijon ya jira ni. Na shiga ɗakin duhu da ragowar ruwan wanki da ya rage a kwalba, na sa fim ɗin da ban taɓa wankewa ba. Ina tsaye fuskar ta taso daga cikin ruwa, tabon ne ya fara fitowa.

Dattijon ya kai hoton bakin ƙofa, ya cire tabarau ya mayar.

"Shekarun da yawa, ba zan ɗauki rantsuwa ba. Amma in ba shi ba ne, to ciki ɗaya suka fito, wuta ɗaya ta ƙona su." Ya juyo. "Kana da wannan, me ya sa ba a sa shi ba?"

Na ce, "Zauna in ɗauke ka, Malam, rana na yi."

Na dai rubuta inda ɗansa yake zaune kafin ya tafi.

Kwana biyu hoton na aljihuna. Ba zan ɓoye ba, sau uku ina zuwa bakin durom da shi. Shaiɗan lauya ne mai kyau. Ya ce uwar Injiniya ta rasu, wan ya rasu, mutumin da ya fita ba baki ba suna shekara ashirin da biyar da suka wuce, wa zai same shi? Za ka tayar wa mata tsohon miki ne kawai. Ga shi saura mako uku ka rufe shago da mutuncinka, mutum arba'in na gaishe ka kafin ka kai bakin titi. Duk gaskiya ya faɗa, shi ya sa yake da haɗari.

A rana ta uku ina zaune a benci sai ga Tela ta wuce ta tsallaken titi, da ƙullin ɗinki a ka, tana jan ƙafa ɗaya. Mai aski ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ga ta nan, hukumar korar maza. Tsufa ya zo, bakin dai na nan."

Direba ya ƙyalƙyale. Na ji wannan maganar ta fi sau dubu, wani lokacin har ina murmushi.

Na ce, "Rufe mana baki."

"A'a! Yau kuma? Ko kai ne za ka maye gurbin?"

Na tashi na bar su.

Washegari ba makaranta, na san zan samu Tela da 'yarta Malama tare. Da hantsi na yi sallama. Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa. Keken na jikin taga, Tela na kai, tef a wuya, tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya. Malama na kan tabarma da tulin littattafan yara da jan biro.

"Baba Mai Hoto! Yau a gidanmu? Mama, an yi ruwa da ƙanƙara."

"Ba shi kujera, sarkin surutu. Sannu da zuwa. An ce an tashe ku daga shago."

Na ce an tashe mu. Aka kawo ruwa, ban sha ba. Na ajiye hoton a kife a kan teburin keke, na dafe shi da hannu, na ce ina da magana, kuma ina roƙon a bar ni in kai ƙarshe. Na fara daga dattijon: gada, asibiti, wata bakwai, keken ɗakin wanki. Sannan na koma baya na faɗi na fim biyu da hatimi. Ban sa wan a ciki ba, ya riga ya tafi inda za a tambaye shi nasa.

Tela ba ta motsa ba, ƙafarta na kan feda. Malama ta ajiye biro.

"Ban gane ba. Wane tabo?"

Ba wanda ya taɓa gaya mata. Hoton da ta sani shi ne nawa.

Na ɗaga hannuna. Ta ɗauka ta juya.

"Wannan waye?"

"Ubanki ne," in ji Tela, ba ta ko leƙa ba. Ni take kallo. "Ɗan ƙarfen nan da ka ce. Yaya yake?"

"Ni ban gani ba. Ya ce kamar ƙaramin ƙoƙo, mai ɗan hannu."

Ta zame murfin da ke ƙarƙashin allura, ta sa yatsu biyu ta ciro gidan kwarkwaro, wanda zaren ƙasa ke zama a ciki, ta ajiye a tafin hannunta.

"Irin wannan?"

Ta juya shi da yatsa.

"A kansa muka yi faɗa. Nawa ya tsage, yana ta tsinka mini zare, ga ɗinkin mutane jibge. Ya ce irin na kekena ba a samu sai a babbar kasuwar can yamma, shi kuma gabas aiki ke jiransa, in yi haƙuri. Na ce ka gyara na matan duniya, na gidanka ya gagare ka. Na faɗi wasu ma da suka fi wannan. Ya ɗauki jaka ya fita ko karyawa bai yi ba." Ta rufe hannu a kan ƙarfen. "Ko sau ɗaya ban kawo wa raina can ya nufa ba. Na ce mutumin da ya fita da wannan fushin?"

Malama na nan riƙe da hoton. Ta sa babban yatsa ta rufe tabon, ta buɗe, ta sake rufewa.

"Ka ce yana tsayawa a bakin ƙofa."

"Haka dattijon ya ce."

"Yana kallon masu goyo."

"E."

"Wata bakwai." Ta ɗago. Ba ta ɗaga murya ba, gara ma ta ɗaga. "Tafiyar rabin yini. Ni ina nan ina koyon zama, shi yana can a tsaye. Kai kuma kana shago da wannan a cikin ambulan. Tun ina 'yar firamare nake durƙusa maka a hanya. Ranar da na ce ka cire shi daga gilashi, ka tuna? Ka ba ni alewa."

"Na tuna."

"Ka san abin da nake ce wa yara in sun tambaye ni babana? Ka san sau nawa na ce wa matar nan ita ta jawo mana?"

"Bar shi," in ji Tela.

"Mama, kada ki ce in bar shi!"

"Na ce ki bar shi, don ni ma na gani. Ranar da aka kawo takardar gidan na gani. Mijina ne, da wannan gefen yake kwana yana fuskantata. Na buɗe baki zan yi magana, na ga kakarki ta rungume takardar tana cewa ku dubi ɗana, ku dubi kyan ɗana. Ni da ake cewa bakina ya kore shi, in sake buɗe shi in ce a rubuta tabo? Na haɗiye. Wansa ya gani. Mai aski da ke bi ta gefen wurin da aska duk mako ya gani. Kowa ya gani."

"Amma ba kowa ke da ɗayan hoton ba."

Na ce, "Gaskiya ne."

Can Tela ta miƙa hannu, Malama ta ba ta hoton. Ta matso da shi kusa da tabarau.

"In yana dariya wurin nan kan ja masa baki gefe," ta ce. "Shi ya sa ba ya son dariya a gaban mutane. A ɗaki kuwa har sai na ce ya isa."

Malama ta tashi ta fita rumfa. Muna jin kukanta. Na yi sallama ban jira amsa ba.

Da safe ina ɗaure buhu sai ga Malama a ƙofar shago, da jakar tafiya a kafaɗa. Ba ta durƙusa ba.

"Mai Hoto, ina dattijon yake zaune?"

Kalmar Baba ta faɗi a hanya, ban kuma sa ran ta dawo ba. Na ba ta takardar. Ta ce sun riga sun yanke shawara, za su ɗauki dattijon in ya yarda, su je asibitin, daga nan su bi ƙauyukan da ke hanyar. Ta san shekarun da suka wuce, ba sai na lissafa mata ba. In kabari ne a nuna musu, in kuma wani tsoho ne mara magana da ke gyara kekuna a wata kasuwa, to. Tana son manyan hotuna biyu, sauran za ta kai mai kwamfuta ya buga.

Ruwan wankin da ya rage bai fi na biyun ba, kamar jira yake. Kafin su bushe ta jawo kujerata ta zauna a teburi, ta ciro jan biron nan ta fara rubuta cigiya. Ina tsaye a bayanta na ga layin farko: Yana da tabon ƙuna daga kunnen hagu har wuya. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi. A ƙasa, wurin mai nema, ta rubuta: 'yarsa.

Na kife hotunan a teburi zan sa a ambulan. Hannu da sabo, sai ga shi ya jawo aljihun tebur ya ɗauko hatimi, har na huhhura masa iska. Na ɗago muka haɗa ido. Na jefa shi cikin buhun da za a kai durom.

Na raka ta da ido har kwanar tasha. Tela na can tsaye tana jira, ta sa mayafinta na fita, hannunta ɗaya a dunƙule.

Benci ya cika, an ga wucewarsu. Direba ya ce asibiti za su, ƙafar ce ta matsa. Mai fenti ya ce a'a, wani ya yi waya daga ƙasar waje. Mai aski na fushi da ni tun shekaranjiya, amma son labari ya fi ƙarfinsa.

"To, Mai Hoto, a shagonka ta tsaya. Kai me ka gani?"

Na ce wa Direba ya matsa. Na zauna a tsakiyarsu, na ce mai aski ya ajiye askar nan tukuna, maganar da tsawo, kuma akwai sunan matar da za mu fara wankewa kafin a zo kan nawa.